Teku a Ƙarƙashin Malbaza: Da Me Za a Jawo Matasa Gidan Tarihi?

In ka tambayi ɗan kwaleji a Malbaza ina teku yake, kudu zai nuna maka, ya ce can Kwatano ko Legas, inda manyan motoci ke zuwa ɗauko shinkafa. Gaskiyarsa. Daga nan zuwa bakin ruwan gishiri mafi kusa, tafiya ce ta fiye da kilomita 1000 a kan kwalta, kuma yawancin iyayenmu sun rayu sun koma ga Allah ba su taɓa ganinsa ba. Saboda haka duk wanda ya ce a buɗe wa matasan wannan yanki ɗakin tarihi, a kuma gina labarinsa a kan teku da jiragen ruwa, dole a dube shi sau biyu. Ni ma da farko haka na dubi maganar. Sai da na zauna na jera hujjojin kowane ɓangare na ga ashe tambayar ta fi yadda na ɗauke ta nauyi.

Abin da babu gardama a kansa shi ne matsalar. Babban gidan tarihinmu, wanda ke ɗauke da sunan Boubou Hama, yana Yamai tun 1959, tazarar kusan kilomita 450 daga nan. Can ne ake ajiye da kututturen bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973, da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa. Yaro nawa ne daga Dogarawa ko Galmi ko Tsarnawa ya taɓa taka ƙofarsa? Wanda ma ya je, sau da yawa zakuna da kuraye yake tunawa, don su ne ke motsi. Da dare kuwa samarinmu suna fada, shayi na tafasa, kowa ya sunkuya a kan waya. Tarihi a wurinsu darasi ne da ake haddacewa da Faransanci a zuba a takardar jarrabawa a manta. To in an samu ɗaki guda, a gidan matasa ko a harabar wata makaranta, da wane labari za a cika shi har ɗan shekara 15 ya shigo da ƙafarsa, ba don malami ya koro shi ba?

Masu adawa da batun teku suna da hujja mai ƙarfi, kuma ita ce ta fara zuwa bakin kowane dattijo. Mu mutanen tudu ne. Tarihinmu na rijiya ne da gero da raƙumi da ganuwa. Yaron da bai san cewa an haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, nan kusa da Galmi, a 1754 ba, me zai yi da labarin jirgin Turawa? Bai san Agabba ɗan Sarkin Agadas ba, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, har sarautar zuriyarsa ta zauna a Illela. Bai karanta abin da masanin tarihi Djibo Hamani ya rubuta a kan Adar ba. Yana wucewa ta Birnin Ƙwanni kowace ranar kasuwa bai san cewa a watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone garin ta karkashe mutanensa ba. Suka ce a fara share tsakar gida kafin a leƙa na maƙwabta. Kakanninmu da suka shiga lakwal an koya musu kogunan Faransa kafin a koya musu sunan kwarin Majiya, kuma ɗakin tarihi mai cike da hotunan jiragen ruwa wannan tsohuwar cuta ce ta dawo da sabuwar riga. Gidajen tarihin teku sun dace da Libaful da Dakar, inda yaro ke buɗe taga ya ga tashar jirage. A nan kuwa aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ba na raina wannan magana. Na sha jin takaicin da ke cikinta, musamman kan Maratta, wurin da ya kamata kowane ɗalibin yankin nan ya taɓa zuwa ko da sau ɗaya.

Amma masu goyon baya ba daga Libaful suke farawa ba. Daga ramin dutse suke farawa, wanda ke ciyar da masana'antar simintin da ta sa aka san sunan Malbaza tun shekarun 1960. Farin dutsen nan da ake fasawa, a niƙa, a ƙona a wuta mai zafin da ya kai digiri 1450, asalinsa ɓawon halittun ruwa ne. Masana ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani hannun teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan ƙasar Adar da Gobir da Sakkwato. Halittun da ke cikinsa suna mutuwa, ɓawonsu na taruwa a ƙasa, sannu a hankali ya daskare ya zama dutse. Shimfiɗar dutsen ba ta san iyaka ba: irinta ce ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, shi ya sa can ma aka kafa masana'antar siminti. Duk wanda ya yi kiwo a duwatsun Adar ya taɓa tsintar dutse mai siffar katantanwa, ko mai zanen tauraro a bayansa, ya jefa wa akuya. A duwatsun da suka girmi waɗannan an samu ƙasusuwan wasu manyan dabbobin teku masu kama da ƙadangare, tsawonsu ya fi na kada. Ɗaya an raɗa masa Goronyosaurus saboda a yankin Goronyo aka same shi, wani kuma Igdamanosaurus, daga dutsen Igdaman da ke jihar Tawa. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan jami'o'in duniya a babin dabbobin teku, mu kuwa ba mu da labari.

A nan hujjar kayan aro ta fara rauni. Yaron da mahaifinsa ke lodin buhunan siminti, in ka ɗora masa dutse a tafin hannu ka ce wannan dodon koɗi ne na ruwan gishiri, kuma bangon ajinku da gawar irinsa aka gina shi, ba ka aro masa komai daga wata ƙasa ba. Ka dai buɗe masa ido a kan abin da yake takawa. Na yi imani babu allon rubutu ko hoton sarki da zai kama hankalin matashi kamar wannan, don shekarunsa shekarun musu ne. Zai ce ƙarya ne. Zai juya dutsen, ya kankare shi da farce, ya je gida ya tambaya. Wanda ya yi musu ya riga ya shigo cikin zance.

Daga dutse sai harshe. Kalmar jirgi tun asali kwalekwale take nufi. Da dogo ya zo muka ce jirgin ƙasa, da mai fiffike ya zo muka ce jirgin sama, wato duk abin hawa mai girma da ma'aunin ruwa muka auna shi. Kalmar kuɗi kuwa jam'in wuri ce. Shi wurin nan da ake ɗinkawa a kayan 'yan kokowa, ake yi wa ƙwarya da kitso ado da shi, ɓawon wata 'yar halitta ce da ake kamawa a tsibiran Maldib, cikin Tekun Indiya. Jiragen Turawa suna kwaso shi su kai Turai, daga can su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma a sayi mutane da shi, sannan ya hauro arewa a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Lokacin da wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2500. Wuri 20,000 shi ake kira keso. A tsakiyar wannan ƙarnin ne fataken Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai arha daga Zanzibar, ya yi yawa har darajar kuɗi ta zube, masu dukiya a Kano da Katsina suka ga tarinsu ya zama nauyi kawai. Ita ma dalar da muke ƙirga sefa da ita har gobe, dala ɗaya tamma biyar, sunan wani kuɗin azurfa ne na Turai, mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinsa. Mai sayar da ƙosai a tashar Malbaza tana ambaton tarihin jiragen ruwa sau ɗari a wuni ba tare da ta sani ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne amsa mafi kaifi ga masu cewa a tsaya kan tarihin tudu. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙwanni tana ciki. Faransawa suka ga hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba ruwa, suka nemi a gusar da iyakar kudu. A watan Afrilu na 1904 Ingila ta yarda, kuma cikin abin da Faransa ta bayar a madadi har da tsohon haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can gefen Kanada. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi aka kafa alamun iyakar. Wato dalilin da ya sa ɗan Ƙwanni ke karatu da Faransanci, ɗan'uwansa na Illelar Najeriya, 'yan kilomita kaɗan kudu, yake yi da Ingilishi, yana da nasaba da kifin wani teku mai sanyi da babu ɗayansu da ya taɓa jin sunansa. Ta yaya za a ba da tarihin tudun nan a tsallake wannan?

Sai kuma Dorugu, wanda a ganina shi kaɗai ya isa a buɗe ɗaki dominsa. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi aka bautar, ya faɗa Kukawa ta Barno, inda wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya bi Barth, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Sun je Katsina, sun je Sakkwato, sun kai Tambutu, sun dawo sun ƙetare Sahara zuwa Tarabulus a 1855, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Malta da Marsai har Landan. Shekarunsa a lokacin ba su wuce na ɗan kwalejinmu ba. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa ana rubutawa, har aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya bayyana Turawa yadda ya gan su, har yadda suke zama cin abinci, da idon baƙo mai lura. Ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Cikin rubutun Hausa na boko mafi tsufa da duniya ke da shi akwai muryar wani yaro daga ƙasar da yau ake kira Nijar. Matashi ba ya ganin kansa a jikin sarki mai rawani, amma zai ga kansa a jikin sa'ansa da aka raba da uwa, ya hau ruwa, ya koyi harshen wasu, ya dawo.

To a daidai nan ne masu adawa suke fito da hujjarsu ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo, kuma ban ga wanda ya kawar da ita gaba ɗaya ba. Suka ce kun san inda muke zaune kuwa? A Tsarnawa hanya ke rabuwa ta yi arewa, Tawa, Agadas, daga can sai Libiya da Aljeriya. Jihar Tawa ta daɗe da suna wajen cin rani. Kowane ƙauye yana da gidajen da samarinsu suka tafi, wasu suna aiko da kuɗi, wasu shiru har yau. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma daga yankin Kance suka fito, ƙasar su Dorugu. Bahar Rum ya ci dubban 'yan Afirka. A irin wannan wuri, ka tara yara masu jini a jika ka ƙawata musu labarin wanda ya ƙetare teku ya ga Landan, ashe ba ka zuba wa wuta kananzir ba? Uwar da ɗanta ya ɓace a hanyar Sabha ta Libiya, da wane ido za ta dubi ɗakin da ke koya wa ƙaninsa sha'awar ruwa?

Amsar da ake bayarwa ita ce sha'awar tafiya ba ta jira gidan tarihi ba. Tana shigowa ta waya kowane dare, cikin hotunan wanda ya jingina da motar da ba tasa ba a wani titin Turai. Wannan hoton ba ya nuna wanda ya nutse. Ɗakin tarihi ne kaɗai wurin da za a iya ajiye labarin dawowa da na rashin dawowa a bango ɗaya, a kira wanda ya sha ɗaurin Libiya ya zauna ya yi wa yara bayani da bakinsa. Na yarda da wannan amsa, amma da sharaɗi, domin ta dogara ne kacokan a kan gaskiyar wanda ya shirya ɗakin. In ya zaɓi labarai masu daɗi kawai, irin su Alhassan Ɗantata da ya yi arziki da ɗora goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas, ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya bi ta Ingila zuwa hajji a 1921, to masu adawa sun yi gaskiya, ya zama ɗan kamasho na masu safarar mutane ba da niyya ba. Dole a sa Oumarou Ganda kusa da su, wanda aka kai yaƙin Indocin yana matashi, ya dawo ya yi dako a tashar jiragen Abijan kafin ya zama mai shirya fim. Dole a sa alhazan ƙasa, waɗanda suka yi shekaru suna tafiya suna noma a hanya, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, da yawa suka mutu kafin su ga Bahar Maliya, wasu suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can.

Akwai wani abu kuma da ɓangarorin biyu duka ke jin nauyin ambata, wato bauta. Ba a yin tarihin Tekun Atlantika a kauce mata. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, waɗanda tun farkonsu suka taɓa Matankari da Ƙwanni, sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, aka riƙa miƙa su kudu hannu zuwa hannu har bakin ruwa a Wida da Badagiri da Legas. Da yawa Bahiya ta Burazil aka kai su. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1814 a wuraren kamun kifi kusa da birnin Salbado. A watan Janairu na 1835, cikin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da ya girgiza Burazil, kuma a jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu masu rubutun Larabci, ana ajiye da su a can har yanzu. Wannan labari ne da zai sa gaban matashi ya faɗi, ya kuma ji alfahari. Amma yaro mai kaifin hankali zai ɗaga hannu ya tambaya: wa ya kama su? Wa ya sayar? Amsar ba Bature kaɗai ba ce. Kuma a yankin nan maganar ba ta zama tsohon labari ba tukuna. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a nan ƙasar Ƙwanni, ta ce gwamnati ta gaza kare ta. A aji ɗaya za ka samu jikan mai gida da jikan wanda aka mallaka, kuma duk garin ya san wane ne wane.

Masu adawa suna ganin tono wannan zai tayar da ƙura tsakanin yara, a samu na gori da na kunya. Tsoronsu ba na banza ba ne, na san yadda kalma ɗaya a filin wasa ke bin mutum har aurensa. Sai dai ni a nan na rabu da su. Gorin yana nan ko an buɗe ɗaki ko ba a buɗe ba, a ɓoye yake yawo, kuma ɓoyon ne ke ba shi ƙarfi. Labarin Bahiya yana da wata fa'ida da wa'azi ba shi da ita: yana nuna wa yaro cewa wanda aka ɗaure da sarƙa malami ne mai rubutu, ɗan gidan mutunci, wanda rana ɗaya ta ɓaci a kansa. Dorugu ma bawa ne kafin ya zama wanda Turawa suka koyi Hausa daga bakinsa. In akwai abin da zai rage wa kalmar bawa dafi a kunnen ɗan shekara 15, irin wannan ne.

Sauran hujjojin adawa na aljihu ne da na aƙida. Na aljihu a fili yake: yankin da har yanzu ake karatu a azuzuwan zana, wa zai ba shi kuɗin akwatunan gilashi da mai gadi? Gaskiya ne, kuma duk wanda ya zo da tsarin gini mai hawa biyu a sallame shi. Amma dutse ba ya cin kuɗi, wuri yana cikin adudun kakanni, waya mai ɗaukar murya tana aljihun kowane saurayi. Na aƙida kuwa ya shafi miliyoyin shekarun nan da masana ke faɗa, da kuma ƙyamar da wasu ke yi wa gidan tarihi a matsayin ma'ajiyar gumaka da kayan bori. Wannan ba a warware shi da gatsali. A gayyato malaman gari tun kafin a ɗora dutse na farko a kan tebur. Ɗan makarantar allo ya san jirgin Annabi Nuhu, ya san kifin Annabi Yunusa, ya san ruwan da ya rabe wa Annabi Musa, kuma ya san an umarci mutum ya yi tafiya a bayan ƙasa ya duba yadda halitta ta fara. Teku ba baƙo ba ne a karatunsa. Malamin da aka girmama aka nemi shawararsa sau da yawa shi ne zai fara kawo almajiransa.

Inda na tsaya ke nan. Masu adawa sun ci nasara a kan suna da siffa: kada a kira shi gidan tarihin teku, kada a cika shi da hotunan jiragen da ba mu san masu su ba, kada kuma a ture Maratta da Agabba da Ƙwannin 1899 gefe. Amma sun yi kuskure da suka ɗauka tudu da ruwa kishiyoyi ne. Bindigogin da suka rushe Ƙwanni ta ruwa suka zo. Kabin da Agabba ya kora daga Adar daula ce ta masu kwalekwale, kuma wanda ya je gidan tarihin Kanta a Argungu zai ga kayan su a ajiye kusa da kayan yaƙi. Matasan yau kuma sun ɗanɗana abin da kansu: bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka rufe iyakar Binin, kaya suka maƙale a tashar Kwatano, kowane gida ya ji a farashin shinkafa da magani, aka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Yaron da ya ga mahaifiyarsa ta rage awo a waccan shekarar ba ya buƙatar a rantse masa cewa teku ya shafe shi.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda zai tara kayan. In manya suka shirya suka kira yara kallo, za su zo sau ɗaya su ɗauki hoto su tafi. A ba su aikin. 'Yan wannan fada su hau dutse da malamin kimiyya su tsinto katantanwar dutse, kowace a rubuta inda aka same ta da sunan wanda ya tsinta. 'Yan mata su zauna da tsofaffi mata su tambayi wurin da ke jikin tsohon faifai daga ina ya zo, a lefen wa. Wasu su tare direbobin da ke kai albasar Galmi Abijan da Akra, su ɗauki muryarsu: kwana nawa ne, shinge nawa ne a hanya, me suka ji ranar da suka fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. A nemi wanda kakansa ya je Makka a ƙasa, ko ya sa kakin Faransa aka ɗora shi a jirgi, a ga ko akwai sauran takarda ko lambar yabo a ƙasan akwati. Bayanin kowane abu a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, tunda tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, Faransanci ya biyo a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Tsofaffin da suka ga alhazan ƙasa da idonsu saura kaɗan, kowace damina ana rage su. Dutsen ma ba jira yake ba. Kowace safiya motoci na kwasarsa daga rami zuwa injin niƙa, da katantanwar da duk abin da ke cikinta, da yamma ya fito a buhu mai kilo 50 a ɗora a mota zuwa Yamai da Maraɗi.